Agogonki a Hannun Kekena

Zuwa ga Barewata, sanyin idona, inuwar da nake nema idan rana ta take tsaka, ke da kike riga tsuntsaye tashi, kike riga ni isa ko'ina,

Ina gaishe ki, ina gaishe da gwiwarki ta hagu, ina yi mata sannu fiye da yadda na taɓa yi wa wani mahaluƙi. Ina rubuta miki wannan ne a kan teburin yankan takarda na maɗaba'armu, lokacin hutun rana, a bayan ragowar takardar kalanda. Ita ce ta huɗu, ukun farko suna cikin kwandon shara. Na zauna, na tashi, na leƙa waje na dubi keken, na dawo na sake zama. Dattijon da ke kula da injin ya ɗago tabaransa ya ce, "Kai, ko ƙaya ce a kujerar nan?" Me zan ce masa? In ce yau kwana goma sha ɗaya ban ji muryarki ba, kuma ni na jawo da ɗan yatsana da bakina?

Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Ina hawan tudun nan na bayan tashar ruwa, ina taka feda kamar mai kirɓa turmi, numfashina yana fita da ƙyar, sai ga mace a ƙasa, da ƙafafunta biyu, ta wuce ni. Ni a kan keke, ke a ƙasa! Ko waiwayowa ba ki yi ba. Sai da na iske ki a saman tudun kina duba wani baƙin agogo a hannunki, kika dube ni kika ce, "Malam, keken ne ba shi da lafiya ko kai ne?" Tun daga wannan safiyar nake bin ki, kuma har yau ban cim miki ba.

Shekara biyu ina ɗaukar miki gorar ruwa a kwandon keke. Na san ƙarar takalminki a kan kwalta, na san yadda kike cije leɓe idan saura kilomita ɗaya. Kuma ina wurin, Barewata, ni kaɗai ne shaida, ranar da kika yi kilomita goma a minti arba'in da uku da daƙiƙa goma sha biyu. An ɗan yi yayyafi, titi yana ƙamshin ƙasa. Kika tsaya a gindin gada, kika dafa gwiwoyinki, agogon ya yi ɗan kukansa, kika tura mini shi har ya kusa taɓa hancina. Kika ce, "Karanta da ƙarfi, idona ya cika da gumi." Na karanta sau uku. Na san ba gumi ba ne kaɗai a idon nan. Shekara huɗu kika yi kina neman wannan lambar, tun kafin ki san akwai wani mai keke a duniya.

Sai jijiyar gwiwa ta tsinke, sai aka yi aiki, sai aka kwantar da ke a doguwar kujerar falonku da matashi biyu a ƙarƙashin ƙafa. A mako na biyu kika kwance agogon kika miƙo mini. Kika ce zama yana kashe masa batir a banza, yana ƙirga gudu da iyo da tuƙin keke, ni ma in ci moriyarsa. Kin faɗa da dariya, amma sai da kika shafa farin zanen da madaurin ya bari a wuyan hannunki. Na karɓa da hannu biyu.

Ban ɗaura shi a hannuna ba. Na gaya miki dalili ɗaya a lokacin, cewa mai keke ba ya son juya hannu a tsakiyar motoci don ya duba lamba, kuma gaskiya ne. Na kai shi wurin mai gyaran keken da ke kusa da shatale-tale. Ya jujjuya shi, ya gwada a hannun keken, ya ce ƙarfen ya yi siriri, sai dai a huda sabon rami a madaurin. Na ce ko kusa. Ya ce, "To keken za mu yi wa ƙiba ke nan." Ya yanko guntun tiyo, ya tsaga shi, ya naɗa a ƙarfen, ya ƙara da yankin tsohon tib na cikin taya, har kaurin ya zo daidai da wuyan hannunki. Agogon ya zauna ɗas tsakanin birki da ƙararrawa, fuskarsa tana kallona.

Wayyo, da kin ga yadda na koma yaro! Ni da ban taɓa sanin nisan gidanmu da wurin aiki ba, sai ga shi na san kilomita bakwai ne da ɗigo huɗu. Na san gudun da nake yi a gangare, na san kunyar da nake sha a tudu. Idan danja ta tsayar da ni ya tsaya da lissafi, idan na taka ya ci gaba. Ya zana mini hanyata kamar zaren da aka yar a ƙasa. Kowace safiya ina ji kamar ke ce zaune a gaban keken, kina faɗa mini in ƙara ƙwazo.

Ga inda na yi ɓarnar, kuma zan faɗe ta ba kwana-kwana. Kin san idan aka danna madannin sama, gudu ne yake fara fitowa, domin agogon mai gudu ne, ya saba da uwar ɗakinsa. Mai keke sai ya danna madannin ƙasa sau biyu, ya kai kan keke, kafin ya tabbatar. Kin koya mini, har kika sa na maimaita a gabanki. Ran Asabar ɗin nan ina ɗokin zuwa wurinki, na sayo lemo na zuba a kwando, na danna madannin sama sau biyu, na manta da na ƙasa, ban duba ba, na hau. Na bi doguwar hanya ta bakin kogi don in burge ki da lamba. Na ga alƙaluman sun yi wani iri, suna ƙirga mini minti nawa a kilomita maimakon kilomita nawa a awa, na ce wataƙila rana ce ta buge shi. A ƙofar gidanku ya yi wannan ɗan kukan, irin na gindin gada. Ni kuwa, sakarai, na ji daɗi.

Na cire shi na shigo da shi falo. Yana kusantar wayarki suka gaisa kamar yadda suka saba, ya zube mata duk abin da ya ɗauko. Wayar ta girgiza a kan cinyarki. Kika ɗauka, na ga idonki yana bin rubutun: ana taya ki murna, kin kafa sabon tarihi, kilomita goma a minti ashirin da shida. Lambarki ta shekara huɗu ta sauka, ta mai tayoyi biyu da kwandon lemo ta hau gurbinta. Kuma da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma na buɗe baki na yi dariya, na ce, "Kin gani, ko kina kwance kina karya tarihi."

Wane irin harshe ne wannan Allah ya ba ni? Ina hankalina ya tafi? Mace tana kwance ba ta san ko za ta sake gudu ba, abu ɗaya ya rage mata da take buɗewa ta kalla idan zuciya ta yi nauyi, na zo na take shi da taya, sannan na yi masa dariya. Ba ki yi faɗa ba, da ma kin yi. Kin kife wayar, kin juya fuska wajen bango, kin ce wa Yaya da take jinyarki kina jin barci. Lemon yana nan a ƙasa inda na ajiye shi lokacin da na fita.

Tun ranar ba ni da wurin zama. Na kira, ba ki ɗauka ba. Na zo sau uku, sau uku Yaya ta tare ni a ƙofa da zaninta na aiki da hannu a ƙugu. A na ƙarshe ta ce, "Ƙanena, ta ce ka riƙe agogon, ya fi dacewa da kai, kuma kada ka riƙa wahalar da kanka." Wannan kalma ta wahalar da kai ita ta hana ni sukuni. Na san abin da ke ƙarƙashinta. Kina so ki ce in je in nemi mai ƙafa biyu lafiyayyu, in bar ki da bangonki. Barewata, ni ba agogo na zo nema a gidanku ba, kuma ba gudunki na ce ina so in aura ba.

Yanzu idan na tashi aiki ba na iya nufar gida kai tsaye. Ina zagaya unguwarku kamar kazar da ta rasa wurin ƙwai, in bi ta gaban kantin magani, in dawo ta bayan makaranta, in sake bi ta gaban kantin. Mai kantin har ya fara ɗaga mini hannu. Jiya na yanka takardun wani mai biki a karkace, ɗari biyu cur, dattijon ya ƙwace wuƙar ya ce in je in sha iska kafin in yanke yatsa.

Amma ban zauna haka kawai ba. Kwana shida ina bin cikin agogon nan ɗaki-ɗaki, ina tsoron danna abin da zai ƙara ɓata lamarin, har na gano inda ake mayar da tarihin baya. Na danna. Ƙaryar nan ta minti ashirin da shida ta tafi. Arba'in da uku da goma sha biyu ta dawo mazauninta, da kwanan watan ranar yayyafi a ƙarƙashinta. Na karanta da ƙarfi sau uku a tsakiyar titi, wani mai mota yana yi mini hon. Na san maganar da na faɗa ba ta da irin wannan madannin. Ita sai dai ki yafe, kuma yafiyar nake roƙo, gwiwa biyu a ƙasa, nawa ne, amma naki ne duka in kina so in ara miki.

Yaya ta tausaya mini ta faɗa mini wani abu, kada ki yi mata faɗa. Ta ce kin fara takawa da sanda, daga kujera zuwa ƙofar kicin, taku goma sha huɗu, ita take ƙirga miki da baki, kuma wani lokaci tana ɓatar da lissafi ku yi ta musu. Taku goma sha huɗu! Wannan ba aikin Yaya ba ne, tana da tukunya a wuta. Ga mai aikin nan a hannun kekena yana ƙirga juyin taya, alhali uwar ɗakinsa tana kafa tarihin da ya fi na gindin gada wuya.

Ran Asabar da ƙarfe bakwai na safe, lokacin da kika saba ɗaura takalmi, zan zo. Zan tsaya a ƙarƙashin bishiyar ƙofar gidanku. In ba kya son ganina, ki turo Yaya ta karɓi agogon, naki ne, ba zan koma da shi ba ko ta halin ƙaƙa. In kuwa da sauran wuri gare ni, ko kaɗan ne, ki ɗaga labulen falo. Zan jingine keken a waje, in shigo a ƙasa, in yi tafiya a gefenki daidai da takunki, daga kujera zuwa kicin, yau da gobe da shekara, ko kin sake gudu ko ba ki sake ba.

Saura dalili na biyu da ya sa ban ɗaura shi a hannuna ba, wanda ban faɗa miki ba. A bayansa akwai ɗan koren hasken nan da ke sauraron bugun zuciya. A kan tiyo da ƙarfe ba ya jin komai, sai ya nuna gajerun layuka biyu a wurin lambar, kullum, duk tsawon hanya. Haka na so. Madaurin yana nan a raminki na uku, ban matsa shi ko sau ɗaya ba, kuma tun ranar da kika kwance shi bai ji zuciyar kowa ba. Yana jiran taki, ni ma haka.

Naki, a tudu da gangare, har numfashina ya ƙare,

Mai keken da kika wuce.