Fatihar da Aka Shafa a Bayan Idona

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah.

Ni ne Haladu Tanimu, haifaffen Saulawa ta ƙasar Ikara, mai sayar da rake da tattasai a Fatakwal. Ina rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya sa ni, ba wanda yake tsaye a kaina. Ƙodata ce ta gaji, ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi su, amma kaina garau yake. Na faɗi haka tun farko don na san gidanmu. In maganar mutum ba ta yi wa manya daɗi ba, sai a ce ciwo ne ya taɓa shi.

Zuwa ga 'ya'yana Ja'afar da Mukarrama. A karanta wannan a gaban mahaifiyarku Zulai, da Farida matar ɗan'uwanku marigayi Huzaifa. Kada a karanta a zaure mata suna ciki. A shimfiɗa tabarma a tsakar gida, kowa ya ji da kunnensa.

Na ɗaya. In rai ya yi halinsa a nan, a binne ni a nan. Musulmin kasuwarmu suna da maƙabarta, kuma sun san yadda ake yi. Kada kowa ya ɗauki hanya da gawata. Malam Sani shugaban rumfunanmu ya san abin da ke rumfata, zai sayar, ya sallami masu kawo mini kaya, ya aiko muku da saura. Wanda nake bi, na bar masa.

Na biyu. Gida da gonar tudu da shanun noma a raba su yadda Allah ya ce, a gaban alƙali. Ja'afar, kada ka ce za ka riƙe wa ƙanwarka kasonta. Mukarrama tana da aiki a Maƙarfi, tana da hankali, ta fi ka sanin abin da za ta yi da ƙasarta.

Na uku. Huzaifa ya riga ni tafiya, saboda haka 'ya'yansa, Ummuhani da ƙaninta Sadiku, ba su da gado a dukiyata. Abin da Shari'a ta bar mini in yi yadda nake so shi ne sulusi. To, na yi musu wasiyya da fadamar da ke bakin rafi. In ta wuce sulusi a auna a rage, in ba ta kai ba a cika musu. Farida ce za ta sa a noma ta, ita za ta zaɓi wanda zai noma. Riƙon yaran ma yana hannunta. Na ji ana raɗe-raɗin baffanku Gambo zai ɗauke su zuwa gidansa in ta yi aure. In ta yi aure, mahaifiyarta tana da rai a Kudan, Zulai ma tana nan. Ba a rasa inda za su zauna ba.

Na huɗu shi ne dalilin da ya sa na zauna rubutu, sauran duk da baki ma sai in faɗa.

Kun san yadda Huzaifa ya rasu, amma zan rubuta don yaransa su samu in sun girma. Yana aiki a injin matsar rake na Alhaji Mamuda, inda ake dafa mazarƙwaila a bayan Kudan. Bel ɗin injin yana da murfi. Tun farkon matsa aka cire murfin za a yi gyara, ba a mayar ba, wai in bel ya zame cire murfi yana cin lokaci. Ma'aikata sun yi magana. Irmiya, abokin aikinsa, ya yi magana har Alhaji ya tambaye shi ko shi ya sayi injin. Ranar da abin ya faru Huzaifa ya sunkuya zai ɗebi ɓawon rake, bel ya kama rigarsa. Irmiya ne ya kashe injin, shi ya ɗauko shi a kafaɗa zuwa bakin titi.

Ina kwance a asibiti a lokacin, kwanciyata ta farko, an sa mini ruwa. Ban ga gawar ɗana ba. Amma wayata tana kunne a gefen filo, duk wanda ya kira na ɗauka.

Ranar addu'ar uku Alhaji Mamuda ya zo zauren Gambo da mai unguwa, da buhun shinkafa da goro. Gambo ya miƙe ya ce ƙaddara ce, mu ba ma cin kuɗin jini, mun yafe duniya da lahira. Liman ya ɗaga hannu, aka shafa Fatiha. Kun san ƙasarmu, in an shafa Fatiha a kan magana, wanda ya sake tayar da ita shi ne marar kunya. Zulai ta ji amin ɗin ta katanga. Farida tana ɗaki tana takaba, goron ma sai da yamma aka shigar mata. Ni kuwa bayan mutane sun watse Gambo ya kira ni ya ce an gama komai lafiya, in kwantar da hankalina in ji da jikina.

Na tambayi malamai a nan. Haƙƙin jinin Huzaifa na magadansa ne: ni, da uwarsa, da matarsa, da 'ya'yansa. Kowa yana iya yafe nasa. Ba wanda yake iya yafe na wani, balle na maraya. Gambo ba ya cikin magada. Ya yi kyauta da abin da ba shi da ko ƙwayar gero a ciki, aka yi masa godiya.

Duk da haka na yi shiru. Na ce ƙanena ne, ya ga manya ya rikice, kuma rakensa duka a injin Alhaji ake matsa shi, in suka ɓata rakensa zai bushe a gona. Na san wannan tsoron, ni ma manomi ne kafin in zama ɗan kasuwa.

Sai bana aka fara jin majalisar jiha tana duba gyaran wasu dokoki: na diyyar wanda aka ji wa rauni ko ya mutu a wurin aiki, na riƙon yara da dukiyar marayu, da na yadda sulhu yake kashe ƙara. Ban karanta ƙudirin ba, abin da na ji a rediyo nake faɗa muku. Wasu suna son a ce duk sulhun da ya shafi marayu ba ya tsayawa sai alƙali ya ji ta bakin uwarsu. Wasu kuma suna son a ce in an yi sulhu a gaban mai unguwa, magana ta mutu, kotu ba ta da hurumi. Da na ji na farkon, na zauna a bakin rumfa na ce ashe akwai masu tunanin irin su Farida.

Aka yi zaman jin ra'ayin jama'a na shiyyarmu. Gambo ya je da sunan manoman rake. Wani ya ɗauki maganarsa a waya, ta yi ta yawo har ta iso Fatakwal. Wani mutumin Maƙarfi ne ya kawo mini bayan Azahar, yana murmushi, ya ce in zo in ji yadda ake yabona a gida. 'Yan rumfa suka taru. Na ji muryar ƙanena yana gaya wa 'yan kwamiti cewa mu ba ma bukatar alƙali ya shiga tsakaninmu, ga misali a gidansa. Ya kira sunan Huzaifa. Ya ce uban yaron da kansa ya bugo waya daga Fatakwal yana kan gadon asibiti, ya ce a yafe, kada a karɓi komai. Ya ce matar da yaran suna zaune cikin rufin asiri, ba mai kuka. Na ji ana tafi.

Mutanen kasuwa suka yi ta miƙo mini hannu. Wani ya ce zai riƙa ba 'ya'yansa labarin haƙurina. Mai shayi ya aiko mini da kofi kyauta. Na yi ta cewa na gode, na gode, don ban san yadda zan buɗe baki a tsakiyar kasuwa in ce ɗan uwata ya yi mini ƙarya ba. Fatihar zaure ta ci haƙƙin jikokina kaɗai. Wannan kuwa, ya ɗauki sunana da gawar ɗana ya kai gaban masu yin doka, don a rufe ƙofa a kan marayun jiha gaba ɗaya. Abin da ban iya haɗiyewa ba ke nan.

Ban ce 'yan majalisa mugaye ba ne. Abin da aka kai musu shi za su auna. Ban kuma ce sulhu abin ƙi ba ne. Na ga inda kotu ta cinye gonar mutum kafin ta yanke masa hukunci, na ga inda zama ɗaya a zaure ya hana a zubar da jini. Amma sulhun da mai haƙƙi yake jin amin ɗinsa ta katanga, wannan a nemo masa wani suna.

Saboda haka ga abin da nake so.

Mukarrama, an ce kwamitin bai rufe karɓar bayani ba. Ki je. Ki tafi da Farida in ta yarda, in ba ta yarda ba kada a matsa mata. Ki gaya musu ni Haladu ban bugo waya ba, ba a tambaye ni ba, ba a tambayi Zulai ba, ba a tambayi Farida ba. Ki gaya musu Farida tana soya awara a ƙofar gida don ciyar da yaran. Kada ki zagi baffanki, kada ki ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ya faru. In sun saurare ki, alhamdu lillahi. In sun ce lokaci ya ƙure, ki sa a rubuta cewa kin zo.

Ja'afar, kana cikin zauren a ranar, ka kuma ce amin. Na daɗe ina jin zafin wannan, ba zan ɓoye maka ba. Amma na san abin da ake ji in mutum yana zaune a ƙasa, baffansa da liman da mai unguwa suna kan buzu. Na yafe maka. Aikinka yanzu shi ne ka raka Farida gaban alƙali a kan kason Ummuhani da Sadiku na jinin ubansu, ko doka ta canja ko ba ta canja ba. Za a ce ka tona Fatiha. Za a daina amsa maka gaisuwa a masallaci na wani lokaci. Ka jure, ɗan'uwanka ya jure abin da ya fi wannan.

Na biyar. Irmiya ya faɗi gaskiya a kan murfin nan, aka kore shi daga aiki, ba wanda ya je ya yi masa sannu daga gidanmu. A ba shi injin ban ruwana daga cikin sulusi, kafin a auna na yaran. In zai yi shaida a gaban alƙali, don Allah ne, in ya ji tsoro, injin nasa ne duk da haka.

Na shida. Kason Zulai nata ne, na Farida nata ne. Kada ɗayanku ya gaya musu abin da za su yi da shi. Nawa kason kuwa, na jinin ɗana, na yafe wa Alhaji Mamuda, yau, da bakina da hannuna. Ban yi imani ya so mutuwar yaron ba, ganganci ne da son a gama matsa da wuri. Ku gaya masa ya mayar da murfin in bai mayar ba. Ku kuma gaya wa Gambo, da ya ɗaga waya ya tambaye ni ranar nan kafin a ɗaga hannu, abin da zan ce masa ke nan. Nawa zai samu a kyauta. Na marayu ne kawai zan hana shi.

Na bakwai, Gambo. Shekarun da nake kudu shi ya tsaya muku. Shi ya kai Mukarrama makaranta a kan kekensa, shi ya karɓi auren Huzaifa, shi ya kwana a asibiti da uwarku ta yi ciwon ido. Wannan duk gaskiya ne, ƙaryar da ya yi ba ta goge shi ba. Kada ku yanke shi. Ku gaishe shi da safe yadda kuka saba, ku ci abincin gidansa, ku je sunan jikokinsa. Shi zai zauna karɓar gaisuwata, don shi ne babba a bayana.

Amma maganar da ya sa a bakina ban yafe ba tukuna. In ya koma gaban kwamitin ya ce ban faɗa ba, ko kuwa in hakan ya yi masa nauyi ya shigo tsakar gida ya faɗa a gaban Zulai da Farida, to daga ranar na yafe masa, ko ina raye ko ina ƙasa. In bai yi ba, ni da shi sai gaban Allah. Na san ranar addu'ata liman zai ce a yafe wa juna, kowa zai juyo ya dube ku. Ku yafe naku in kun ga dama. Nawa ku bar shi inda na ajiye shi, kada tausayi ya sa ɗayanku ya yi mini abin da aka yi mini.

Allah ya yi muku albarka. Allah ya raya Ummuhani da Sadiku, ya ba Farida mijin da zai riƙe ta da mutunci. Zulai, na gode da zaman da kika yi, ki yafe mini nisan da na yi. Ja'afar, Mukarrama, ku riƙe juna, ku riƙe gidan baffanku, kada shari'a ta sa yaranku su daina wasa da nasa. Gida ɗaya ne, ku bar shi ɗaya. Amma duk ranar da za a yanke magana a cikinsa, a fara tambayar mai ita.

Na rubuta a Fatakwal, na karanta a gaban Malam Sani da limamin masallacin kasuwarmu, sun ji, sun sa hannu.

Mahaifinku,
Haladu Tanimu Saulawa