Ƙauyenmu ya ƙi fitowa

Daren Laraba, Zakirai

Barci ya gagare ni. Yau na kwafe wasan kwamfuta na tuƙin jirgin sama daga tsohuwar kwamfutar marigayi Yaya Sani zuwa sabuwa. Jiragen duk sun hau. Amma ƙauyenmu da ya zana a ciki, har da rumbunan Baba da kukar bakin gona, ya ƙi fitowa. Sau uku na yi shawagi a wurin, fili fetal.

Tsohuwar kuma tun la'asar take ƙugi tana ɗaukewa. Wallahi tsoron sake kunna ta nake.

Ɗazu Inna ta leƙo ta ce, "Habu, nuna min gidan nan na yayanka."

Na ce mata caji ya ƙare. Allah ya yafe min. Gobe fa?