Kofur Bulus Bai Far wa Kowa Ba a Motarka

Zuwa ga Alhaji, mai korayen motocin bas da ke jigilar mutane tsakanin Rijiyar Lemo, Fagge da Sabon Gari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Allah ya sa haka, amin.

Sunana Abba Kura, mai wanki da guga a Rijiyar Lemo. Iyayena 'yan Barno ne, amma a nan aka yanke mini cibiya. Ba ka san fuskata ba, sai dai na tabbata labarina ya iso maka, domin ni ne wanda ya fasa wa mutum kai da dutsen guga a cikin motarka, har ma'aikatanka suke mini kirari da namijin duniya. Sau uku ina zuwa zaurenka. Na farko aka ce ka yi tafiya, na biyu aka ce kana hutawa, na uku aka ce ai magana ta wuce, in je in ci gaba da shan yabona. Shi ya sa na kawo maganar a jarida, ba don raini ba.

Maganar ba ta wuce ba, ranka ya daɗe. Mutumin nan, Kofur Bulus, yana gidan mahaukata da mari a ƙafa. Bayan ƙaramar Salla hukuma za ta zauna da likita a kansa, ko a miƙa shi ga yayarsa, ko a ci gaba da tsare shi har abin da Allah ya yi. Takardar da za su duba daga ofishinka ta fito, da sa hannuna a ƙasanta, kuma abin da ke cikinta ba gaskiya ba ne.

Na ɗaya, wane ne Kofur Bulus. Mutumin kudancin Zariya ne, Kirista, tsohon soja. Ya je yaƙin Bama, wanda Turawa suka kwashi sojojinmu zuwa ƙetare, ya dawo da gaɓoɓinsa cikakku, amma kansa ya taɓu. Yana zaune a Sabon Gari wurin yayarsa Saratu mai sayar da gero a kasuwa. Ba ya yawo tsirara, ba ya jifa, ba ya bara. Faskare yake yi a wani gidan burodi da ke unguwarmu, ya zo da safe a motarka, ya koma da la'asar. Cutarsa ɗaya ce: in ya ji ƙara irin ta bindiga, sai ya koma daji, ya ga wuta tana zubowa daga sama.

Tsohon kwandastanka, Malam Inuwa, ya san da haka. Shekara huɗu Saratu tana damƙa masa ƙanenta hannu da hannu. Kullum bayan direba yake zaunar da shi, kusa da taga. In mota ta yi ƙara, sai ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Kofur, an gama, a huta." Shi ke nan, sai ya sauke numfashi ya zauna. Ba a rubuta wannan a littafin kowa ba, ba kuma wanda ya sa Malam Inuwa. Fasinjojin la'asar da suka saba da shi sun sani, har sukan bar masa kujerar ko da ba ya nan tukuna. Ni ban san ko ɗaya ba, don da safe nake kai wankin akawuna Sabon Gari, in dawo kafin azahar.

Na biyu, abin da ya faru. Ran wata Talata ce a farkon watan Sha'aban. Mariƙin dutsen gugana ya karye, na ɗauke shi da la'asar zan kai wa maƙeri a kasuwar Sabon Gari. A makon nan ne ofishinka ya ɗauke Malam Inuwa ya mai da shi wata hanya, aka kawo sabon kwandasta, magidanci ne mai ƙoƙari, amma ba wanda ya ce masa uffan game da Kofur. Ya tura shi can baya cikin cunkoso, ya ba wani mai babbar riga kujerar bayan direba. An cika motar har ba wurin sa ƙafa. Ni ina tsaye, dutse a hannu, Kofur yana gefena, a gabanmu wata Bayarabiya mai sayar da atamfa, Iya Risi, ta rungume jaririnta.

Muna isowa mahaɗar Bata taya ta fashe. Ban gama gane abin da ya faru ba sai na ji an shaƙo wuyan rigata an fizgo ni ƙasa. Ƙaton mutum, ido jajur, yana ihu cikin wani harshe na soja. Ya sake ni, ya faɗa kan Iya Risi ya danne ta da jaririn. Mata suka sa kuka, wani ya ce mahaukaci zai kashe yaro. Na ɗaga dutsen na sauke masa a ƙeya.

Wannan bugun na farko, ko gaban Allah zan ce tsoro ne. Na ɗauka raina da na jaririn nake karewa, kuma duk wanda yake wurin abin da zai ɗauka ke nan. Amma ya juyo, hannunsa a buɗe, ba komai a ciki, yana mini alama da tafi in yi ƙasa. Na ga hannun. Na ji ana cewa ƙara masa, ƙara masa, sai na ƙara, a fuska. Wannan na biyun ba kariyar kai ba ne. Zuciya ce, da jin daɗin cewa mota guda tana bayana. Shi ya tafi da idonsa na hagu. Da na sani ƙeya ce.

Na uku, takarda. Da 'yan doka suka ɗauke shi, aka wuce da ni ofishinka na tasha, ana ta dafa ni ana sannu da aiki. Akawunka ya buga takarda da Turanci, ya turo mini tawada in dangwala yatsa. Ka ji inda na kashe kaina, Alhaji. Bara na gama ajin yaƙi da jahilci, da takardar shaidata a jikin bango. Ga mutane cike da ofis suna kallona, sai na ture tawadar na ce a ba ni alƙalami, ni ba ɗan dangwale ba ne. Na rubuta Abba Kura, harafi bayan harafi, har da ja masa layi a ƙasa. Aka yi tafi. Ban ce a fassara mini ko kalma ɗaya ba, don kada a ce mai ilimin nan bai iya karatu ba. Da dangwalawa na yi irin ta jahilai, da na fara tambaya me aka rubuta, kamar yadda na saba duk rayuwata.

Sai daga baya wani malamin makaranta da nake wa wanki ya karanta mini kwafinta. Takardar ta ce mahaukaci ya far wa fasinjoji haka kawai, ya nemi shaƙe ni, ya nemi kashe jariri. Ba ta ambaci taya ba. Ba ta ambaci cunkoso ba. Ba ta ce an yi shekara huɗu ana ɗaukar mutumin nan bai taɓa ko taka ƙafar wani ba. Da wannan takardar aka sallame ni a kan cewa kariyar kai na yi, da ita kuma aka sa masa mari. Ofishinka ya ƙara mini da tukuici, wai in riƙa shiga motocinka kyauta. Kwana tara na yi ina shiga ina washe baki, ana nuna ni da yatsa, ina jin kaina ya yi girma.

Na huɗu, yadda na san gaskiya. Ran na goma Saratu ta zo gidana. Na ɗauka faɗa ya kawo ta, har na shirya bakaƙen maganganu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaida iyalina, ta ce ita ba ta zo neman hakki ba, abu ɗaya take so in tuna mata: da ya ja ni, sama ya ja ni ko ƙasa? Na ce ƙasa. Ta ce haka yake yi mata in aka yi tsawa da damina, sai ya kwantar da ita ya rufe ta da jikinsa har ruwa ya ɗauke. Ta yi mini sallama ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Washegari na nemi Iya Risi a rumfarta. Ta ce tun a ranar take ta faɗa, ba wanda ya saurare ta, ana cewa ruɗewa ta yi. Da ya danne ta, tafin hannunsa ya sa ƙarƙashin kan jaririn don kada ya bugi ƙarfen kujera. Yaron ko ƙwarzane bai yi ba. Jinin da aka gani a zaninta, aka yi ta salati, na Kofur ne. Na nemi Malam Inuwa shi ma, ya ba ni labarin da na rubuta a sama, yana magana yana waiwaye. Ya ce akawu ya gargaɗe su, duk wanda ya buɗe baki a kan maganar nan ya nemi wani aikin, shi kuwa yana da 'ya'ya bakwai.

Na biyar, rabonka a ciki. Ban zo in juye maka kayana ba, hannuna ne ya yi bugun. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Da aka ɗauke Malam Inuwa, da an ba shi ko rabin sa'a ya zauna da magajinsa ya ce ga Kofur, ga makahon nan na Fagge da ake saukewa bakin masallaci, ga tsohuwar da ba ta iya tsayuwa, da yau ban rubuta wannan ba. Ofishinka ya san adadin kujeru, amma bai san waɗanda ke zama a kansu ba. Tayar nan kuma direba ya ce ya yi ƙorafinta tun kafin ranar. Ina zaton don a rufe zancenta ne aka ɗora komai a kan wanda ba shi da bakin kare kansa. Ban ce da saninka aka yi ba. Mutane suna faɗin alherinka, kuma da ban yarda da su ba da ban ɓata tawada ba.

Na san masu cewa motar haya ba wurin mai taɓin hankali ba ce, kuma ban raina tsoronsu ba, don na ɗanɗana shi a wuyana. Akwai wanda cutarsa ta kai a tsare shi, don lafiyarsa da ta jama'a. Amma tun da abin nan ya faru na ga kwandastocinka sun ajiye kulake ƙarƙashin kujera, na ga an hana wani bawan Allah shiga don kawai yana magana shi kaɗai. Shekara huɗu hannun Malam Inuwa a kafaɗa ya tsare motar nan lafiya. Rana ɗaya da aka bar ta ga irin nawa hannun, ga abin da aka samu.

Don haka ga roƙona, ranka ya daɗe. Ka janye takardar nan kafin zaman hukuma, ka sa a rubuta ta gaskiya, da Hausa, a karanta mini ita a gaban shaidu. Ka ba Malam Inuwa da direba amana su je su faɗi abin da suka sani ba tare da tsoron kora ba. Iya Risi ta ce za ta rufe rumfarta ta zo. Ni na riga na je wurin hukuma na ce a sake duba hukuncina, aka ce mini takardar kamfani ce ke gabansu, sai mai ita ya janye. In bugun na biyu ya kai a ɗaure ni, na yarda. Ka sa doka, duk kwandastan da za a sauya ya miƙa wa na bayansa mutanensa kamar yadda yake miƙa jaka. A kwashe kulaken nan. Shiga mota kyauta kuwa na yafe, da ƙafa nake kai wankina yanzu.

Juma'ar da ta wuce Saratu ta raka ni wurinsa. Na same shi zaune a ƙasa, ya rame, an naɗe masa rabin fuska da ƙyalle, marin ya ci masa idon sawu. Bai gane ni ba. Saratu ta ce masa wannan yana cikin motar ranar. Sai ya gyara zama kamar mai ba da rahoto, ya tambaye ni matar nan mai jariri ta fita? Na ce ta fita, ita da ɗanta. Ya ce sauran fa, an rasa wani? Na ce duk sun tsira. Ya ɗaga hannu ya gode wa Allah, ya ce to aikinsa bai tafi a banza ba, ya kama hannuna, wannan hannun, ya yi mini godiya da na kawo masa labari.

Na kasa gaya masa ko ni wane ne, kuma ƙarya na yi masa, Alhaji. Ba duka suka tsira ba. Saura mutum ɗaya, kuma fitarsa tana hannunka.

Allah ya ƙara maka arziki na halal, ya tsare motocinka da masu shigarsu, ya kare ka da zuri'arka daga cutar da ke raba mutum da hankalinsa. Allah ya sa ka karanta wannan kafin Salla. Ni kuma ya yafe mini.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Abba Kura mai wanki,
Rijiyar Lemo, Kano.