Matan da Ban Tambaya Ba

Yaya Zahara'u,

Ina gaisuwa. Ya mutanen Yekuwa, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau a Dakar, abinci ne dai ba ya shiga.

Malamina ya dawo mini da bincikena kan sana'ar man gyaɗa. Wai mutum sittin na tambaya a kasuwar Dungas, duk maza, alhali mata ke matsar man. Ni namiji, ta ina zan shiga gidan matan aure?

Saura wata guda in tsaya gaban malamai. In ban gyara ba, shekarar ta tafi. Don Allah ki bi gida-gida da tambayoyin nan, ki ɗauko mini muryoyinsu a waya.

Ki fara da Inna. Man gyaɗarta ne ya kawo ni nan, amma ban taɓa tambayarta yadda take yi ba.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Abdulwahabu