Dashen da Za a Yi a Gwiwar Dogo

Zuwa ga 'yata,

Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina fatan ke da maigidanki da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya ƙalau, sai tsufa. Ƙanwarki ce ke rubutu, ni ke faɗa, kuma na hana ta gyara mini magana.

Zancen ɗanki Dogo ne ya hana ni sukuni. Kin san yadda ya samu ciwon: yana fentin wani bene tsani ya goce, ya diro, ƙafar ta kafe a ƙasa jikin ya juya. Ya ce da kunnensa ya ji wani abu ya yi ƙas a cikin gwiwar. Na kira mai ɗori, ya lalluba ya ce ƙashi lafiya lau, babu abin da zai ɗora, ya shafa magani ya ɗaure. Kumburi ya saɓe, yaro ya miƙe, na ce shi ke nan. Ashe da sauran magana. Yana cikin tafiya lafiya lafiya sai gwiwar ta zame masa kamar an ja tabarma a ƙarƙashinsa. Kwanan baya a kan matakala ta yi masa haka da bokitin fenti a hannu, ya gangaro har ƙasa. Ya shigo gida fari fat yana dariya, wai ya yi wa kansa fenti kyauta. Ni ban yi dariya ba. Mutumin da abincinsa yake a saman tsani, in ta zame masa a can sama fa?

A asibiti suka tura shi cikin wata na'ura mai ƙara, kamar rami, suka ɗauki hoto. Likita ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwa daga ciki ce ta tsinke, kuma irinta ba ta haɗewa da kanta, sai an yi aiki. Ina jin haka na ɗauki hulata na fita. Ke ba ki san baffanki ba, wana da nake bi. Yau duk gidan nan ni kaɗai na san fuskarsa. Da gwiwa mai kumburi ya shiga asibiti, yana takawa da ƙafafunsa biyu, ni na riƙe masa takalma a bakin ƙofa. Aka fito mini da shi, mayafi ya kwanta shafe a gefe ɗaya, inda ƙafa take a da. Takalmin ƙafar hagun ya shekara a ƙarƙashin gadonsa. Ana ce mini zamani ya canja. To, zamani ya canja, amma wuƙa ai wuƙa ce.

Shi kuma ja'irin ya kafe, wai ba zai kwanta a gadon aiki ba sai na ce to. Yana tsokanata wai tsoro nake kada ya warke ya ƙwace mini kakarsa. Da ƙyar ya ja ni muka koma. Na tambayi likitan da me zai ɗinke abin da ya tsinke. Ya ce ba ɗinki ba ne, dashe ne. Za su ɗebo wata jijiya daga bayan cinyarsa su dasa a gurbin waccan, ta ƙananan huji, ba tsagawa ba. Da ya ce dashe sai na zauna. Rayuwata duka a lambu na yi ta. Na tambaye shi ko nasu dashen ma yana yin yaushi kafin ya kama. Ya ce ƙwarai, akwai lokacin da yaron zai ji kamar ya warke, alhali a lokacin ne jijiyar ta fi rauni. Zai yi tafiya da sanduna, ya yi ta zuwa wajen masu gashin ƙashi suna motsa masa ƙafar, tsani kuwa sai bayan watanni masu yawa.

Kada ki ɗauka hankalina ya kwanta. Na dai gane maganar ne, kuma ganewar ta ƙara mini tsoro, don na san ba kowane dashe ke kamawa ba. Na kuma san abin da ya fi kashe shi: ƙafar mai gaggawa. Ɗanki kuwa kin san shi, tun yana rarrafe bai iya zama ba. Amma na ce musu to. Bakina ne ya faɗa, cikina bai yarda ba har yanzu. Na riga na sa an kai tsaninsa gidan maƙwabci an kulle, mabuɗin yana aljihuna.

An sa ranar Talata mai zuwa. Ki roƙi maigidanki ya bar ki ki zo, don ba na son in sake tsayuwa a bakin irin ƙofar nan ni kaɗai da takalman mutum a hannu. In an turo shi daga ɗakin aiki, ke ki duba fuskarsa. Ni mayafin zan ɗaga.

Ki gaishe da maigidanki, da surukarki, da amaryata 'yar autarki. Innarki da ƙanwarki suna gaisuwa. Ki yi ta addu'a.

Ni ne,
Mahaifinki