Takalmana a Ƙofar Cocin Wales

Zuwa ga Gwaggona Hajiya Mariya, unguwar Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo miki gaisuwar ɗiya ga wadda ta goya ta. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar nan da ke damun ki, ya mutanen gida manya da ƙanana? Mu nan Villeurbanne, gefen birnin Lyon na Faransa, lafiya lau muke, aiki na tafiya, sanyi ne kawai ya fara nuna hali.

Gwaggo, tun ranar da hoton nan ya shiga zauren iyalinmu na waya kika daina amsa kirana. Juma'a ta zo na kira, wayar ta yi ta kuka har ta gaji. Wata Juma'ar ma haka. Ke da kike ɗauka tun kukan farko, ki ce na tashe ki daga barci alhali kowa ya san ba barcin kike ba. Shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani. Gidanmu ba ya rasa mai kai labari, wanda ya kai miki hoton sai ya daure ya karanta miki wannan ma.

Kin ga abin da ke cikin hoton: takalmana a jere a ƙofar wani coci, ni kuma can ciki, kaina a sunkuye. Lawali na Kawu Isa, mai gyaran waya a unguwar Barbès ta Paris, shi ya tura shi ba ko kalma ɗaya ta bayani. Sauran kuwa mutanen gida suka ƙarasa da bakinsu. Aka ce miki Zainabu ta tuɓe takalmi, kuma mutum ba ya tuɓe takalmi sai inda ya je ibada. Na fahimci yadda aka yi lissafin. Amma ba a tambaye ni ba, don haka bari in ba ki labarin tun daga farko.

Da na sami bakansi, wato hutun aiki, ƙawata Samira ta ce mu je Wales. Samira a Sevran kusa da Paris aka haife ta, iyayenta mutanen Maraɗi ne, Hausarta rabi Faransanci ce, amma zuciyarta tamu ce tsaf. Wales ƙasa ce da ke manne da Ingila, suna da nasu yaren, ko allon hanya sai ki ga an rubuta shi iri biyu. Tsaunuka kore shar, tumaki ko'ina masu ƙiba, ba makiyayi a bayansu. Na ce da Samira, da Gwaggo na nan da tuni ta fara zancen layya.

A wani gari da ake kira Conwy muka fara sauka. Akwai tsohuwar fada ta dutse a bakin ruwa, rufinta ya tafi tun tuni amma bangon na nan daram, kuma ganuwa ta kewaye garin har mutane na tafiya a kanta. Na hau, iska na neman raba ni da mayafi. Daga can sama na tuna da guntun ganuwarmu ta Birni da awaki ke kwana a gindinta. Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye miki ba, ganin yadda suke lallaɓa dutsensu mu kuwa namu damina ke ci.

A bakin ruwan akwai wani ɗan jan gida da ake layi don a leƙa, wai saboda ƙanƙantarsa. Ɗakin girkinki ya fi shi fili. A wani gidan tarihi kuma na ga dutsen guga mai gawayi an kulle shi cikin gilashi, an haska masa fitila, mutane na kallo baki buɗe. Irinsa sak yana ƙarƙashin gadonki, da shi kike goge zanen Juma'a. Na yi dariya har mai gadin wurin ya waiwayo.

Azahar ta same mu cikin fadar. Na sami wani lungu bayan bango, na shimfiɗa ɗankwali kan ciyawa na yi sallata, Samira na riƙe da jakunkuna. Wannan ba wanda ya ɗauki hotonsa.

Washegari muna wani ƙaramin gari sai ruwa ya goce. Ga wani tsohon coci a gabanmu, ƙofarsa a buɗe, kuma dama yana cikin wuraren da baƙi ke zuwa gani saboda sassaƙar katakon rufinsa. Ina son in gani, wannan gaskiya ce. Na ɗaga ƙafa zan shiga ke nan, na duba ƙasa. Daɓen duk manyan duwatsu ne a shimfiɗe, kowanne da rubutu, wasu har taku ya shafe su. Samira ta karanta ɗaya, ta ce sunayen mutane ne, a nan ƙarƙashi aka binne su, al'adarsu ce ta dā. Na duba dama na duba hagu, ba hanyar da babu kabari. Masu yawon buɗe ido na ta wucewa a kai da takalmansu masu taɓo, ba da mugunta ba, su haka suka saba.

Ke kika faɗo mini a rai, Gwaggo. Kin tuna hanyar da muke bi zuwa gona ina ƙarama, inda take ratsa gefen wata tsohuwar maƙabarta da ruwan sama ya baje? Duk sanda muka iso wurin sai ki tsaya, ki tuɓe takalminki ki riƙe a hannu, ki sa ni ma in tuɓe, ƙasa kuwa na ƙuna. Kika ce ba ki san inda kabari ya ƙare hanya ta fara ba. Wata rana na tambaye ki su wane ne, musulmi ne ko mutanen dā? Kika ce: "Ban sani ba, kuma ba ruwana. Wanda ke kwance ba ya iya ce miki ki matsa, ke za ki matsa da kanki."

To ni ban yi wani dogon tunani ba. Hannuna ne ya kai ga takalmin, kamar yadda yake kaiwa ga mayafi in na ji sallamar baƙo. Kan da kika ga a sunkuye, ƙasa nake dubawa, ina neman tsagar da ke tsakanin dutse da dutse in sa ƙafa. Samira ta ga abin ya burge ta, ta ɗauka ta sa a shafinta, daga nan Lawali ya kwaso.

Akwai wata tsohuwa a ciki tana gyara furanni, sa'arki ce ko ta ɗan girme ki. Ta daɗe tana kallona. Can sai na ga ta fita, ta ɗauko takalmana daga inda feshin ruwa ke dukan su, ta ajiye kusa da abin ɗumama ɗaki. Sannan ta ja ni zuwa wani dutse kusa da bango, ta nuna sunan da ke kai, ta nuna ƙirjinta. Sunan gidansu ne. Samira ta fassara mini cewa tun tana yarinya take taka shi, ba ta taɓa ganin wanda ya kauce masa ba sai ranar. Ta riƙe hannuna da nata biyu. Ba ta kira ni addininta ba, ni ma ban kira ta nawa ba. Da ruwa ya ɗauke na sa takalmana da ɗuminsu muka fita.

Babban cocin nan da ke kan tudun Lyon, wanda nake hangowa in na shiga gari, na taɓa shigarsa da abokan aiki. Da takalmina na shiga, da shi na fito, don ban ga alamar kabari a daɓensa ba. Abin mamaki, da hoton waccan shigar aka turo miki da ba ki ce komai ba.

Don haka ba zan ce miki na tuba ba, Gwaggo, domin in na faɗa ƙarya na yi, kuma kin fi kowa gane muryata in ina ƙarya. Salla ta tana nan, azumina yana nan, alƙiblata ba ta motsa ba. In gobe na sake samun kaina a bakin irin wannan ƙofa, zan sake tuɓewa. Tarbiyyarki ce na kai har can, ban bar ta a filin jirgi ba.

Amma shirunki yana ci mini rai. Tun da Inna ta rasu ban san wata uwa ba sai ke. Faɗanki na saba da shi, har kewarsa nake yi. Ki zage ni, ki ce ban da wayo, ki ce me ya kai ni, duk zan ɗauka. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne ki zauna can kina tunanin kin yi asarar ɗiya, alhali ina nan yadda kika bar ni.

Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa na je Paris, na tarar da Lawali a shagonsa ƙarƙashin gadar metro, jirgin cikin gari. Da niyyar faɗa na je, sai na same shi kunya ta riga ta gama da shi. Yana ta sosa ƙeya ya faɗa mini cewa kin kira shi da kanki, ba ki yi zancen coci ba, ba ki yi zancen addini ba. Tambaya ɗaya kika yi masa: wai doguwar riga ta rufe ƙafar a hoton, ko ya san da safa a ƙafata? Don wai dutse da sanyi, kuma ƙirjina ba ya son sanyi tun ina jaririya.

Lawali bai sani ba. Samira ta sani, amma na hana ta faɗa. A nan ma ba zan rubuta ba. Amsar tana wurina ni kaɗai, kuma ranar Juma'a bayan la'asar zan kira.

Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya sassauta miki ciwon gwiwa, Ya jiƙan Inna da duk namu da suka riga mu. Ya sanyaya zuciyarki a kaina, Ya sa wayar na kusa da hannunki.

Ɗiyarki mai taurin kai irin naki,
Zainabu, daga Villeurbanne.