Lungunmu da Ba Ya Cikin Taswirarku

Zuwa ga mai girma Daraktan kamfanin da aka ba aikin zana taswirar unguwanni da manna wa gidaje lamba, a birnin Njamena.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya, har da direbanku mai farar mota, wanda zan zo kansa nan gaba.

Sunana Sale Garba, ina sayar da atamfa a babbar kasuwa, gidanmu kuma yana unguwar Ambasatna. Na ce yana Ambasatna ne bisa abin da idona ke gani kowace safiya. Bisa taswirarku kuwa, ban san inda muke kwana ba. Na yi ta sintiri a ofishinku har mai gadi ya daina tambayata wurin wa na zo, amma ba a bar ni na gan ka ba, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a. Maganata guda ce: ana shirin toshe lungun da muke shiga gida da bulo, kuma taswirarku ce ta jawo.

Na ɗaya, asalin lungun. Kakana ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka. Da ya iso nan guzuri ya ƙare, sai ya ce bari ya huta shekara guda. Har yau hutun muke yi. Shi da abokan tafiyarsa suka gina gidaje huɗu a bayan gidajen bakin titi, suka bar lungu na fita. Ba da mita suka auna faɗinsa ba. Makara suka aro daga masallaci, mutum huɗu suka saɓa ta suka bi, aka ja katanga daga inda kafaɗunsu ba su gogi komai ba. A ganinsu mai rai yana iya raɓawa ko ya sunkuya, gawa kuwa ba a karkata ta. Ta nan aka fitar da kakana, ta nan aka fitar da mahaifina.

Na biyu, yadda mutanenku suka auna mu. Sun zo da rani, da kwalin takardu da gwangwanin shuɗin fenti. Mun shimfiɗa musu tabarma, mun dafa musu shayi, sun sha har na uku. Sannan direban ya kunno kan mota cikin lungu, madubi ya karci katanga, ya yi tsaki, ya ja da baya. Shi ke nan, awo ya ƙare. Ashe dokarku ita ce, inda mota ta shiga titi ne, inda ta kasa shiga ba komai ba ne. Da mun sani da mun cire masa madubin da hannunmu, mu mayar masa bayan ya fita. Tunda babu titi, babu lamba, sai aka ɗauki lambar maƙwabcinmu na gaba, Malam Adum, aka ƙara mata "bis", wato "na biyu" da Faransanci, aka shafa a bayan katangar banɗakinsa. Yanzu gida huɗu, da tsofaffi da jikoki, duk mu ne bis ɗin banɗakin Malam Adum.

Na uku, abin da aka faɗa mini a ofishinku. Wani matashi mai tabarau, mai ladabi ƙwarai, ba ni da abin da zan ce a kansa sai alheri, ya baje mini taswirar ya yi mini bayani da Faransanci, ya sake da Larabci don kada in ce ban ji ba. Jan layi kwalta ne. Rawaya hanyar jar ƙasa ce. Ɗige-ɗige hanyar da mota ke bi da rani, da damina a bar wa kwaɗi. Na hango wani baƙin layi mai haƙora a gefen takardar, na tambaya, ya ce alamar hanyar jirgin ƙasa ce. Ranka ya daɗe, ni dai tun da aka haife ni ban taɓa jin kukan jirgin ƙasa a Chadi ba, kuma ba na jin kai ka ji. Ya ce haka tsarin alamomin ya zo daga waje, ba a ragewa, ba a ƙarawa. Wato akwai alamar jirgin da ba mu da shi, babu alamar lungun da muke bi sau biyar a yini zuwa masallaci. Ina sha'awar wannan ƙasa ta cikin taswirarku. In akwai gurbi ku ba ni biza, in je in ga tashar.

Na huɗu, abin da farin wurin ya haifa. Inda ba ku zana komai ba, wasu sun karanta shi fili ne marar mai shi. Bayan Sallar layya sai ga wani Alhaji Bishir da takarda mai hatimi, an yanka masa bakin lungun zai gina shagon buga waya. Ban ga laifinsa ba, abin da aka nuna masa ya saya. Shugaban unguwa ya sa baki, Alhaji ya ce zai bar mana rata daidai wucewar mutum ɗaya a kaikaice. Malam Adum kuma, Allah ya saka masa, ya ce mu riƙa ratsawa ta tsakar gidansa, tsakanin murhu da igiyar shanya. Masu rai dai mun samu mafita, in mun rage ciki. An riga an sauke yashi da bulo, magini ya ce ranar Asabar zai fara.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Mahaifiyata, Iya Baraka, ta shigo gidan nan tana amarya, yanzu sai an riƙe ta take kaiwa bakin zaure. Da ta ji ƙarar sauke bulo ta tambaya, muka ɓoye mata, jikoki suka tona. Ba ta yi faɗa ba. Ta sa aka ɗauko mata likkafaninta da ta daɗe da tanada, ta ƙulle shi da tasbaha da ƴan kayanta, ta ce in nemo mota in kai ta unguwar Waliya wurin ƙanwata. Ta ce ita ba buhun gero ba ce da za a miƙa ta kan katanga, kuma ba za a ratsa da ita ta madafin mutane ana kauce wa tukunya ba. Gara ta bar ɗakin da ta haife mu tun tana iya fita da ƙafarta. Wallahi, ranka ya daɗe, duk shaƙiyancin da ka karanta a sama, da na ga ƙullin nan a bakin gadonta kuka na yi.

Saboda haka ina roƙon abu uku. Ka aiko a dakatar da ginin kafin Asabar. Ka sa a zana lungunmu da kowace irin alama, in babu ku ara mana ta jirgin ƙasan, ai zaman banza take yi. Sannan ka zo da kanka, ka bar motar a bakin titi, mu aro makara mu saɓa, kai ka riƙe kusurwa ɗaya, ka gani ko hanya ce ko ba hanya ba.

Na roƙi Iya ta ba ni zuwa Juma'a. Ta yarda, amma ta ƙi kwance ƙullin.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka girma, ya raba ka da sa hannu a kan abin da ba ka gani ba. Ranar da za a ɗauke ka, bayan tsawon rai mai albarka, Allah ya sa a fitar da kai ta ƙofar gidanka, a miƙe, a kafaɗun mutanenka. Abin da nake nema wa uwata ke nan, ba ƙari.

Wassalam.

Sale Garba,
Ambasatna, Njamena.